Wace kazar nama ce ta fi jure zafin Kebbi?

Wani mai kiwo daga Jega ya aiko da tambaya: "Malam, zan zuba buroila 300 a watan Maris. Tsakanin Cobb 500, Ross 308 da Arbor Acres, wanne ya fi jure zafi?"

Alhaji, a gaskiya babu gwanin zafi a cikin ukun. An ƙirƙiro su ne don su tara nama da sauri, su haura kilo 2 cikin mako 6, kuma wannan saurin girman shi ke dafa su daga ciki. Babbar buroila ta fi sakewa idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 18 da 24, mu kuwa a Afrilu Birnin Kebbi kan wuce 40. Kaza ba ta gumi, haki kawai take yi, sai ta rage ci ta koma ga ruwa. Shi ya sa mutuwar kan faɗo a mako na 5 da na 6, tsakanin azahar da la'asar, kuma manyan da ka fi sa wa rai su ke fara kifewa.

Bambancin da ke tsakanin irin ukun bai kai bambancin da ke tsakanin maƙyanƙyasa mai kyau da marar kyau ba. Yawancin 'yan tsakinmu daga Ibadan ake ɗauko su, su sha doguwar tafiya a mota. Ka tambayi dillalinka ranar da aka ƙyanƙyashe su, ka ba su ruwa kafin abinci da zarar sun sauka. Masu sayarwa kowa yabon nasa yake yi, kar ka biye musu.

Lissafa da kanka: 'yan tsakin da aka zuba a Maris za su yi nauyi ne a tsakiyar Afrilu. In ba dole ba, jira damina ta sauka. In kuwa dole ne, rage su zuwa kaza 8 a kowace murabba'in mita, ka janye abinci da hantsi, ka mayar da yamma da asuba. Tankin ruwa ya zauna a inuwa. Rufin kwano a shimfiɗa masa zana ko kara. Ɓuntun shinkafa, wanda ba ma rasawa a Argungu da Jega, ya isa shimfiɗa in dai busasshe ne. Sannan ka sayar a mako na 5, kada ka jira su ƙara kiba.

Wata Hajiya daga Zuru kuma ta ce ita a tsakar gida take kiwo, ko Noiler, wato kazar da ake kiwo don nama da ƙwai, ta dace?

Ta dace, Hajiya. Tana kiwo da kanta, tana ɗaukar zafi fiye da farar buroila, macen kuma tana ƙwai. Sai dai za ki jira wajen wata 3 kafin ta kai girman sayarwa. Rigakafin cutar Gumboro da Lasota (rigakafin cutar Newcastle) kuma ita ma ba a tsallake mata shi.