Ɗibar yashi a bakin Kogin Challawa na taɓa ruwan famfo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tifofin da ke ɗibar yashi da tsakuwa a bakin Challawa na iya taɓa ruwan famfon Kano. Ƙwarai kuwa. Yashin gindin kogi shi ne matacin farko, shi ke riƙe ruwa da rani. Idan aka kwashe shi, kogin ya zurfafa, gaɓa ta zabtare, bututun matatar ruwa su koma zuƙo laka. Ga dagwalon da katafila ke tayarwa, wanda ke sa a ƙara alam kafin ruwan ya kwanta. Abin da ya fi damuna shi ne baƙin mai da gas da ke ɗiga daga injuna, domin tacewar yau da kullum ba ta cire su sosai.

A shata iyakar da ba a haƙa kusa da wurin zuƙo ruwa, musamman ta sama, inda ruwan ke gangarowa, a kuma hana wanke mota a kogi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta bar lasisi a hannun gwamnatin tarayya, don haka ku rubuta koke ga ma'aikatar ma'adinai da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Ku tafi da dagaci, shi ya san masu haƙar.