Amsar tambayar ƙa'ida da maslaha: mu auna da abin da ya faru da Nijar

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaya wanne ya kamata ƙasa ta bi a hulɗarta da waje: libaralizim, wato riƙo da dokokin duniya, dimokuraɗiyya da ƙungiyoyin haɗin gwiwa, ko riyalizim, wato kowace ƙasa ta kare tsaronta da maslaharta gwargwadon ƙarfinta. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma a aji ne kawai nake ganin su a rarrabe. Gwamnatoci da bakin na farko suke magana, lissafi kuma da na biyu.

Bayan sojoji sun kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta zauna a Abuja ranar 30 ga wata ta ba da wa'adin kwana bakwai, har da barazanar amfani da ƙarfi. A takarda wannan tsantsar ƙa'ida ce. Najeriya ta yanke wuta, ta rufe iyaka. To amma wace iyaka? Mai tsawon kusan kilomita 1,500, daga Kebbi har Borno. Dangin mahaifiyata a Birnin Konni suke, kuma na ga yadda kasuwar Illela ta mutu a watannin nan: motocin kaya jere a rana, 'yan dako zaune, mai son zuwa biki ko jana'iza sai ya bi ta daji a babur. Haka Jibiya, haka Maigatari. Wanda ya san lissafin maslaha zai fara tambaya: idan Nijar ta juya mana baya, da wa za mu tsare bakin tafkin Chadi? Ita kanta wutar da aka yanke ba sadaka ba ce, tun asali akwai lissafin a ba Nijar wuta don kada ta datse kogin Kwara kafin ya iso madatsar Kainji.

Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da yaƙi, aka koma tura su Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi da malamai. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Bazoum na tsare, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun riga sun sanar da ficewarsu. Ba a samu ƙa'idar ba, an kuma rasa maƙwabci. A ganina kuskuren shi ne yin barazanar da ba a shirya cika ta ba.

Manyan ƙasashe ma haka suke. Amurka sai a watan Oktoba ta kira abin juyin mulki, saboda sansaninta na Agadas. Faransa da ta fi kowa ɗaga murya kan Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, ita ce ta rungumi Mahamat Deby da sojoji suka ɗora kan mulki a Chadi a 2021. Mu ma kada mu yi dariya: Abacha, wanda ya tsare Abiola, shi ne ya mayar da Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998 da sunan dimokuraɗiyya.

Amma kada ka ɗauka doka banza ce, kamar yadda wasu samarinmu ke faɗi yanzu. Dubi Bakassi, yankin da Najeriya da Kamaru suka yi jayayya a kansa. Kotun Duniya ta ba Kamaru a 2002, Obasanjo ya sa hannu kan yarjejeniyar miƙa shi a Greentree ta Amurka a 2006, aka kammala miƙawa a 2008. An zage shi sosai, mazauna yankin kuma sun sha wuya. Sai dai da Boko Haram ta yi ƙarfi, sojojinmu da na Kamaru a rundunar haɗin gwiwa ɗaya suka shiga, abin da zai yi wuya da a ce mun yi yaƙi da su kan wannan yanki.

Tunda ka ce jarrabawa za ka rubuta, ka bayyana su a rarrabe kamar yadda malaminku yake so, sannan ka kawo Bakassi da Nijar a matsayin misali.