Tsohon iPod ko Sansa: wanne ya kamata in saya na hannu?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina yawan bin hanyar Kano zuwa Legas. Ina son na'urar sauraro daban da waya, saboda kafin mu kai rabin hanya karatu da tafsiri sun cinye min caji. Na samu guda huɗu na hannu wajen wani mai shago: iPod mai 30GB wanda ya ce sunansa Video, iPod Classic mai 160GB, wani siririn iPod nano, da wata 'yar mitsitsiya da ake maƙalawa a riga mai suna Sansa Clip+. Shi dai yana ta nuna min mai 160GB, ya fi kuma tsada. Abin da nake ji shi ne karatun Alƙur'ani, tafsiri da wa'azi, sai waƙoƙi kaɗan. Ba ni da kwamfuta, wajen masu turi nake kai memori. Wanne zan ɗauka?

Amsa

Wa alaikumus salam. Maganarka ta ƙarshe, cewa ba ka da kwamfuta, ita ta fi duk sauran bayanin nauyi, don haka da ita zan fara.

iPod ba ya karɓar turi irin wanda ka saba. Idan mai turi ya jona shi a kwamfuta ya zuba fayiloli kai tsaye, za su shiga ciki su zauna, amma in ka duba jerin abin sauraro ba za ka ga ko ɗaya ba. Apple ta ƙera shi ne yadda komai sai ya bi ta manhajar iTunes, ko wata da ke aikinta, ita ke rubuta jerin da na'urar take karantawa. Kuma a yadda yake zuwa, da kwamfuta ɗaya yake ƙulla zumunci. Ka kai shi shagon wani gobe, idan bai san ya saita shi a kan turin hannu ba, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, duk abin da ka tara zai goge ya maye da nasa. Sansa Clip+ kuwa tana da ramin memori a gefe, irin ƙaramin memorin da ke cikin wayarka. Ka kai a tura maka, ka zura, ka ji. Ko an jona ta da waya a kwamfuta, kamar filas take fitowa in an saita ta haka.

Akwai wani abu da ke biye da wannan wanda sai mai jin tafsiri yake gane zafinsa. iPod ba ya duba folda, yana duba bayanin da aka rubuta a cikin fayil ne: sunan mai karatu, sunan kundi, lambar bi-da-bi. Fayilolin da ke yawo a hannun masu turi da zaurukan WhatsApp galibi babu wannan bayanin, ko kuma an cika gurbin da sunan shago da lambar waya. Sai ka buɗe ka tarar da tafsirin malamai uku a cakuɗe, zama na 17 yana gaban zama na 2. Clip+ tana barinka ka bi folda yadda aka jera ta. Abin da kawai za ka roƙi mai turi shi ne ya sa lamba a gaban kowane suna, 001 zuwa 114 ga surori, 01 zuwa 30 ga zaman Ramadan, don su jeru daidai.

Yanzu maganar 160GB da mai shago yake ɗaga maka. Mu yi lissafi. Fayil ɗin MP3 mai nauyin kilobit 128 a kowace daƙiƙa, wanda shi ne matsakaici, yana cin kusan 1MB a minti ɗaya, wato ƙasa da 60MB a awa. Ka ɗauka saukar wani makaranci ta kai awa 30: ba ta cika 2GB ba. Magana zalla irin ta wa'azi ana matse ta a rabin wannan nauyin ba tare da kunne ya ji bambanci ba, don haka tafsirin wata guda, awa biyu kullum, shi ma bai kai 2GB ba. Memori mai 32GB, wanda Clip+ take ɗauka ba tare da wata dabara ba, zai riƙe maka makaranta biyar da tafsirin shekaru da dama, waƙoƙinka su samu gurbi har wuri ya rage. Mai 160GB na wanda ya tara dubban waƙoƙi ne. A wurinka sayen tirela ne don ɗaukar buhu biyu.

Ba ina kushe iPod ba ne. Ya fi Sansa ƙarfin jiki, ya fi ta allo, kuma zagayen nan da ake murzawa da babban yatsa har yau ban ga abin da ya fi shi sauƙin neman abu cikin dogon jeri ba. Idan ranka ya riga ya kwanta da shi, ko kana da ɗan'uwa mai kwamfuta da zai riƙa yi maka turi a wuri ɗaya, to ga yadda ukun suke.

Wanda aka ce maka Video shi ne zubi na biyar. Ya fito a ƙarshen 2005, aka ɗan gyara shi a 2006 da allo mai ƙarin haske, masu harkar suna kiran gyararren 5.5. Fuskarsa roba ce mai sheƙi, fara ko baƙa, lambarsa a baya A1136. Hanyar gane 5.5 ita ce ka shiga Music, in ka ga Search a jerin, shi ne. Classic ya biyo baya a 2007 da fuskar ƙarfe marar sheƙi, mai 80GB da wani mai kauri 160GB. A 2008 aka yi mai 120GB. A 2009 aka yi siririn 160GB, wanda shi ne na ƙarshe har Apple ta daina yinsu a Satumbar 2014. Dukkansu lambarsu ɗaya, A1238, shi ya sa ake ruɗa mutane. Kar ka dogara da rubutun da ke bayansa, domin ana sayar da sabon murfin baya da kowace lamba a jiki. Shiga Settings, sannan About, ka ga abin da na'urar ta faɗa da bakinta.

Video da Classic dukkansu biyun a cikinsu akwai ɗan ƙaramin hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) mai juyawa, faifai ne na gaske da allura. Mafi ƙuruciyarsu ya haura shekara goma a duniya. Faɗuwa ɗaya yana cikin juyi tana iya gamawa da shi, kuma kai mutumin hanya ne, ga ramuka ga jijjiga. Batirin ma in na asali ne ya riga ya tsufa. Saboda haka duk wanda ya sayi irin wannan ya sa a ransa cewa wata rana sai an buɗe shi, kuma a nan ne Video ya yi wa Classic nisa. Fuskar robarsa tana ɓallewa da 'yar dabara, batirinsa zare shi ake yi daga mazauninsa ba sai an kai ga dalma ba, mai gyaran waya mai natsuwa a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano zai iya. Classic kuwa an ɗaure shi da ƙugiyoyin ƙarfe a zagaye, da wuya a buɗe shi ba a lanƙwasa bayansa ba, kuma wanda bai taɓa yi ba yakan tsinke siririyar wayar da ke zuwa ramin iyafis.

In an buɗe, ana iya cire hadis ɗin gaba ɗaya a sa wani ɗan allon lantarki da ke karɓar memori a madadinsa. Wanda ya fi suna shi ne iFlash. Da wannan jijjiga ta daina zama barazana, nauyi ya ragu, caji ya ƙara daɗewa. Sai dai kowane zubi da iyakarsa. In an sa musu iFlash, Classic na 2007 da na 2008 ba sa ganin sama da 128GB da manhajarsu ta asali, na 2009 ne ke wuce nan. Video mai 30GB kuma ƙwaƙwalwar aikinsa 32MB ce, rabin ta mai 60GB da 80GB, don haka in fayiloli suka doshi dubu ashirin yakan fara sarƙewa. Kai ba za ka je kusa da wannan adadin ba, na faɗa ne don kar wani ya yi maka ciniki da shi. Matsalar da ta fi shafarka ita ce samun kayan: yawanci odarsu ake yi daga waje, kuma in ka haɗa kuɗin iFlash ɗin da batir da ladan mai gyara, lissafin ya tashi daga inda kuka tsaya da mai shago.

Za ka kuma ji ana cewa Video ya fi daɗin sauti saboda ɗan guntun da ke fassara sautinsa na kamfanin Wolfson ne, na Classic kuma na Cirrus Logic. Bambancin guntun gaskiya ne. Amma a cikin mota mai rurin inji, da iyafis na kasuwa, da tafsirin da aka naɗa daga lasifikar masallaci, babu kunnen da zai raba su. Kar ka ƙara ko sisi saboda wannan. Kuɗin ka sa shi a iyafis mai toshe kunne, shi ne zai canja abin da kake ji.

Nano kuwa ka bar shi a inda yake. Ba ka faɗi wane zubi ba ne cikin bakwai da aka yi tsakanin 2005 da 2012, amma larurarsu kusan ɗaya ce: batirin a manne yake da dalma cikin jiki matsattse, in ya tsufa sai ya kumbura ya danno allo daga ciki. Alamarsa wani baƙin tabo ne a tsakiyar allo. In ka ga wannan, batirin ya riga ya kumbura, kuma zaro shi daga wannan matsin aiki ne da ba kowa ke yarda ya taɓa ba. Na farkonsu ma a 2011 Apple da kanta ta nemi a mayar mata da wasu saboda batirinsu na iya zafi fiye da kima. Ba ya karɓar memori, mafi girmansu 16GB ne. Abin da zan yaba masa shi ne daga zubi na biyar zuwa sama akwai rediyon FM, na bakwai kuma har da Bluetooth, abin da Video da Classic ba su da ko ɗaya a jikinsu.

Ita ma Sansa tana da FM, har da abin naɗar magana. SanDisk ta fitar da Clip+ a 2009, mai 2GB, 4GB da 8GB a cikinta banda memori, kuma lokacin tana sabuwa ana lissafa mata awa 15 a caji ɗaya. Yau ba za ta kai haka ba, kuma wannan ne rauninta babba a tafiya irin taka: batirin ƙarami ne, shi ma da dalma aka haɗa shi, ko da yake buɗe ta ya fi na nano sauƙi nesa ba kusa ba. Sa'ar ita ce ba ta cin wuta, ƙaramin fawa-bank zai cika ta sau da yawa. Maƙalin bayanta yana karyewa, ramin iyafis ɗinta yana sakin jiki da tsufa. Wayar cajinta irin tsohon bakin nan ne mai ɗan kauri, mini USB, ba irin na wayoyin yanzu ba, sai ka tabbata an haɗa maka da ita. Haka iPod ma: faffaɗan bakin nan mai fil 30 yake amfani da shi. Ka kuma karanta sunan da kyau. Clip+ da Clip Zip na 2011 'yan gida ɗaya ne, Clip Sport da Clip Jam da suka zo daga baya kayan cikinsu daban ne ko da sun yi kama a ido.

Dalilin da na ja hankalinka ga sunan shi ne Rockbox, wata manhaja ta kyauta da masu sha'awa suka rubuta, ana ɗora ta a kan Clip+, Clip Zip, Video da Classic, amma ba a kan Sport da Jam ba. Tana sa iPod ya karɓi turi kai tsaye ya kuma bi folda, wato tana kawar da matsalar da na fara da ita. Tana ajiye maka alama a inda ka tsaya cikin dogon karatu, tana kuma kunna irin sautin da WhatsApp ke naɗa, wanda iPod da Sansa ba sa ganewa da manhajarsu ta asali. Ɗora ta yana buƙatar kwamfuta sau ɗaya da wanda ya san abin da yake yi. In ka samu irin wannan mutumin, Video ya zama abin saye har ga marar kwamfuta.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka je da memorinka da iyafis ɗinka. A Sansa, zura memorin ka ga ta karanta, ka juya bakin iyafis a ramin yana cikin kunnawa. In sauti yana ɗaukewa a kunne ɗaya, ramin ya gaji. Ka bar ta tana yi kamar rabin awa kuna hira da mai shago, ka ga yadda alamar caji ta sauka. A iPod, kara shi a kunne lokacin da kake tsallake waƙa: ɗan zuuu a hankali daidai ne, ƙas-ƙas mai maimaituwa hadis ne ke ban-kwana. Akwai gwaji na ciki ma. Danne Menu da maɓallin tsakiya tare har alamar tuffa ta fito, nan take ka koma ka danne na tsakiya da na komawa baya. Shafin gwaji zai buɗe, ka bi IO zuwa HardDrive zuwa HDSMARTData, ka dubi Reallocs da Pending, wato ƙididdigar wuraren da suka lalace a hadis ɗin. Sifili ko 'yan ƙalilan ake so. In ka ga ɗaruruwa, kuɗin da za ka biya na gangar jiki ne kawai, ka yi ciniki a kan haka. Mai shagon da ya hana ka wannan gwajin, ka gode masa ka wuce.

A yanayinka, in Clip+ ɗin ta ci gwajin nan, ita za ka ɗauka, ka haɗa da memori mai 32GB na gaske, don jabu sun yi yawa a kasuwa. In ta faɗi, Video mai 30GB, da sharaɗin ka riga ka san wanda zai sa masa batir ya ɗora masa Rockbox. Classic ɗin sai in na 2009 ne, hadis ɗinsa lafiya, kuma mai shago ya sauko da kuɗinsa kusa da na Video.