Tambaya da Amsa: Tsohuwar Kwamfuta

Tambaya: Malam, sannu da aiki. Laftof ɗina ta tsufa, Windows ta yi mata nauyi, an ce in sa Linux, to ya zan yi? Daga Garwa.

Amsa: Ɗan'uwa, ka nemi Linux Mint ta Xfce, wato wani nau'in Linux mara nauyi da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kyauta ce kuma ba ta cin ram (ma'ajiyar aiki ta kwamfuta) sosai. Da farko kwashe hotunanka da takardunka, don girkawa na iya share komai. Sai ka sauke Linux Mint ɗin ka zuba a filas da manhajar Rufus, ka kunna kwamfutar daga filas ɗin ka gwada wayfai da sauti tukuna kafin ka girka, kuma in kibod ɗinka na Faransanci ne zaɓi tsarin kibod na AZERTY. Batir ya cika fa, ka san halin wutarmu.