Tambaya da Amsa: Ba a ɗauki ɗan yayana a diraf ɗin NFL ba, wane kulob zai zaɓa?

TAMBAYA: Salam. Ɗan yayana ne ya gama jami'a a Amurka, yana buga ƙwallon nan tasu ta NFL, yana cikin ƙartin gaba masu yi wa kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, katanga. An yi diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa da kulob-kulob ke yi duk shekara, an gama ba a kira sunansa ba, amma yanzu kulob biyu suna nemansa, duka kwantiragin shekara 3 na kusan dala miliyan 3. Ɗaya ya ba shi garantin dala 150,000, ɗayan 60,000 kawai. Don Allah wanne ya fi, kuma anya zai samu shiga kuwa?

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba. Da farko dai cire miliyan 3 ɗin nan daga ranka, don kusan duk wanda ba a ɗauka a diraf ba irin takardar da ake miƙa masa kenan, shekara 3 a kan mafi ƙarancin albashi, wanda a 2025 dala 840,000 ne a shekarar farko. Sai ya zauna cikin 'yan wasa 53 na kulob ake biyansa shi mako-mako, in suka sallame shi a watan Agusta to shikenan, abin da ke hannunsa shi ne kuɗin sa hannu da garanti.

Shi kuwa garanti yana da amfani sosai, don shi ke nuna yadda suke sonsa. Dokar NFL ta ƙayyade jimillar kuɗin sa hannun da kulob zai raba wa duk irin waɗannan yara, shi ya sa in suna rububin mutum sai su lamunce masa wani ɓangare na albashi. Wanda ya sa 150,000 kamar yana ce maka ne ko yaron bai shiga 53 ba muna so mu riƙe shi a rukunin atisaye, wato mutum 16 da ke horo da kulob, ana biyan sabon shiga dala 13,000 a mako a 2025, mako 18 kenan 234,000. Amma wakilinsa ya duba takardar da kyau, galibi ana cire garantin ne daga cikin wannan albashi, ba wai ƙari ba ne a kai.

Duk da haka ni dai ba zan ce ya bi kuɗin ido rufe ba wallahi. Ku zauna da shi ku ɗauko biro da takarda ku lissafa 'yan katangar kowane kulob. Ana shiga sansanin horo da mutum 90, a ƙarshen Agusta a rage zuwa 53, kuma a ciki 'yan katanga yawanci 9 ne ko 10. Biyar masu farawa kujerarsu ba ta taɓuwa, sai ka ƙara wanda suka ɗauka a diraf bana ko bara wanda ba za su so su yar ba tun da sun kashe zaɓi a kansa, sai tsohon hannu mai garanti, to in ka ƙirga ka ga sun kai 9 a kulob mai 150,000 ɗin alhali na 60,000 suna da 7, ai ƙofa tana can wajen na biyu.

Sannan tambayar da na fi so ka yi masa: gurbi nawa ya iya? Ranar wasa kulob na iya sa wa mutum 48 riga in har 8 daga ciki 'yan katanga ne, wato uku ne kawai a benci za su rufe gurbi biyar. Yaron da ya iya gad na hagu da na dama, wato gurbi biyun da ke gefen na tsakiya a katangar, kuma zai iya tsugunawa ya miƙa wa kwatabak ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ba tare da ta suɓuce ba, koci ba ya saurin rabuwa da shi. In bai taɓa buga santa ba, wato gurbin tsakiya mai miƙa ƙwallon nan, ya fara koyo tun yau.

Kuma ana dacewa fa. Andrew Norwell ba a ɗauke shi ba a 2014, ya shiga Carolina Panthers, a 2018 Jacksonville Jaguars suka ba shi dala miliyan 66.5 na shekara 5. David Andrews haka ya shiga Patriots a 2015 ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na kofin NFL, sau biyu. Sai dai gaskiya mafi yawa ana sallamarsu, shi ya sa wasannin share fage 3 na Agusta suke da muhimmanci, don duk kulob 32 suna kallon bidiyon, in nasa suka sake shi wani na iya ɗauka washegari. Allah Ya ba shi sa'a Baba, ka rubuto mana sunayen kulob ɗin biyu mu ƙirga tare.