Tambaya da Amsa: Wace ce Viola Davis?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kalli fim ɗin The Woman King, matar da ta fito a shugabar mayaƙa mata ta burge ni ƙwarai. Ƙawata ta ce 'yar Afirka ce, ni kuwa na ce Ba'amurkiya ce. Don Allah a raba mana gardama, a kuma ɗan gutsura mini tarihinta. Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ke ce da gaskiya. Labarin fim ɗin ne na Afirka, na daular Dahomey da ke Jamhuriyar Benin a yau, amma jarumar Ba'amurkiya ce. Sunanta Viola Davis, an haife ta ranar 11 ga Agusta, 1965, a gonar kakarta a jihar South Carolina. Tana jaririya iyayenta suka koma garin Central Falls a jihar Rhode Island. Mahaifinta mai kula da dawakin sukuwa ne, mahaifiyarta kuma ta yi aikatau da aikin masana'anta. Su shida aka haifa, ita ce ta biyar.

Talaucin da ta tashi a ciki ba na wasa ba ne. Da bakinta ta faɗa cewa yunwa ta sa ta taɓa satar abinci da tonon bola, kuma ita da 'yan uwanta sukan naɗe wuyansu da tsumma in za su kwanta, don kada ɓeraye su cije su.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, wannan baiwar Allah ba a gaban kyamara ta koyi sana'arta ba. 'Yar wasan daɓe ce. Ta gama kwalejin Rhode Island a 1988, ta yi shekara huɗu a makarantar Juilliard da ke New York, ta fito a 1993. A 1996 ta fara hawa dandamalin Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan daɓe ta New York, cikin wani wasa na marubuci August Wilson. A can sau takwas ake maimaita wasa a mako, 'yan kallo na zaune a gabanka, babu darakta da zai ce a tsaya a sake. Kukan da ka yi jiya, yau ma sai ka nemo shi. Nan ta samu lambar Tony, babbar lambar yabon wasan daɓe a Amurka, a 2001, ta sake samu a 2010.

Masu fim kuwa sun daɗe suna ba ta ƙananan fitowa. Sai a 2008, tana da shekara 43, ta tsaya gaba da gaba da fitacciyar jaruma Meryl Streep a fim ɗin Doubt. 'Yan mintuna kawai ta yi, amma suka isa a sa sunanta cikin masu takarar Oscar. A 2015 ta zama baƙar mace ta farko da ta ci lambar yabon Emmy ta babbar jaruma a diramar talabijin mai dogon zango. A cikin shirin da ya kawo mata lambar, How to Get Away with Murder, akwai inda ta zauna gaban madubi, ta cire gashin kanti, ta goge kwalliya tas, ta bar fuskarta yadda Allah Ya yi ta. Ita ta nemi a yi hakan.

Ni dai a wurina aikinta da ya fi kowanne shi ne Fences, wanda ta yi da Denzel Washington, da farko a daɓe, daga baya a fim a 2016. Ta fito a Rose, matar da ta yi shekara 18 tana haƙuri da miji, rana ɗaya ya tare ta a tsakar gida ya ce wata na ɗauke da cikinsa a waje. Ki dubi fuskarta a wurin: hawaye da majina suna zuba har leɓe, tana magana, ba ta damu da yadda za ta fito a hoto ba. Jarumai da yawa ba za su yarda a gan su haka ba, kuma wannan ne ya sa nake girmama ta. Shi ya kawo mata Oscar a 2017. Grammy, lambar yabon waƙa da sauran ayyukan sauti, ta biyo baya a 2023, saboda karanta littafin tarihin rayuwarta da muryarta.

Ki nemi Fences ku kalla tare da ƙawar taki. Surutu ya fi yawa a cikinsa, babu faɗa da takobi, don haka sai kun natsu.