Amsa: Tunani ya hana ni barci

Ɗan'uwa, ka ce da ka kwanta sai tunanin bashi da kuɗin haya su taso maka, har kiran asalatu idonka biyu. Shawarata, kada ka kai lissafi kan shimfiɗa. Bayan isha'i ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke cin ranka, kowanne ka sa masa abu guda da za ka yi gobe, ko da zuwa wajen mai bashin ne ka roƙe shi ya karɓi jaka biyar-biyar. Wanda ba ya hannunka, kamar faɗuwar naira ko rufe iyakar Nijar da Najeriya ta Ɗan Isa, ka bar wa Allah.

Ni ma na sha wannan lokacin da kayana suka kwanta a babbar kasuwa. Ashe har da shayin fada, wato majalisarmu ta hira, a ciki: kofi uku na dare, ga waya a hannu, ina barci zai zo? Da na mayar da shayin kafin la'asar na ga sauƙi. Amma in abin ya wuce mako 2, abinci ba ya shiga, komai ya fita ranka, to ka je ka ga likita, kada ka sayi ƙwayar barci wajen masu talla.